FASHIN BAƘI: Abin da ke hana tsohuwar kwamfuta shiga intanet, da waɗanda ke yanke mata wa'adi

A ranar 30 ga Satumba, 2021, masu tsofaffin kwamfutoci da wayoyi a sassa daban-daban na duniya sun ga shafukan intanet da suka saba buɗewa sun ƙi buɗuwa. Babu wayar da ta tsinke, babu abin da ya ƙone, data ma ba ta ƙare ba. Wa'adin wata takardar shaida ta lantarki mai suna DST Root CA X3 ne ya cika, wadda miliyoyin shafuka suka dogara da ita wajen tabbatar wa mai ziyara cewa su ne na gaskiya. Sababbin na'urori sun riga sun karɓi magajiyarta tun da daɗewa, don haka masu su ba su san an yi ba. Na'urorin da aka daina aika wa sabuntawa kuwa, sai suka shiga nuna gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne.

Wannan matsala ta shafi Najeriya kai tsaye. Ɗalibai da yawa, da shagunan buga takardu, da ƙananan ofisoshi, suna aiki ne da kwamfutocin hannu waɗanda aka gama cin moriyarsu a Turai da Amurka, sannan suka iso kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja da titin Beirut a Kano. A daidai wannan lokaci kuma hulɗar ɗan ƙasa da hukuma na ta komawa intanet. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Rajistar yi wa ƙasa hidima da neman shiga aikin soja ko ɗan sanda duk ta shafi ake yi, haka ma neman bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024. Wanda kwamfutarsa ta ƙi shiga intanet ana gobe za a rufe rajista ya san cewa abin ya wuce wasa.

Amsar da mai irin wannan kwamfuta ya fi samu a wurin gyara ita ce a goge komai a sake zuba Windows, ko kuma a ce masa na'urar ta gama yayi. Sau da yawa duka biyun gaggawa ce. Hanyar da saƙo ke bi daga kwamfuta zuwa shafi hawa-hawa ce, kuma kowane hawa yana da alamar da ke nuna lafiyarsa ko ciwonsa. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai gane inda abin ya tsaya. Zai kuma gane cewa matsalolin ƙasa-ƙasa na waya ne da ƙarfe, waɗanda ake gyarawa da hannu, yayin da na sama-sama suka samo asali daga shawarar da wasu kamfanoni da kwamitoci suka yanke a wata nahiya.

Kafin a zargi kwamfutar

Gwajin farko ba ya buƙatar taɓa kwamfutar. A haɗa wata na'ura, kamar waya, da hanyar intanet ɗin da ake ƙoƙarin shiga. Idan ita ma ta kasa, to laifin yana waje.

A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni ƙwarai a Najeriya da Ghana da wasu maƙwabtansu, har harkokin bankuna suka taɓu. A watan Satumban 2021 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar ma an katse intanet na wayar hannu na kwanaki bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021. A irin waɗannan ranaku babu makanikin da zai iya yi wa kowace kwamfuta komai.

Idan kuma shafi ɗaya ne ya ƙi buɗuwa a kan dukkan na'urori alhali sauran na buɗuwa, ko dai shafin ne ya faɗi, ko kuma an toshe shi. Haka 'yan Najeriya suka gani da Twitter daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, toshewar da Kotun ECOWAS ta ce ta saɓa wa doka a watan Yulin 2022. Sai an kawar da waɗannan duka kafin a juyo kan tsohuwar na'urar.

Hawa na farko: waya, maɓalli da direba

Hanya mafi sauƙin gwadawa ita ce kebul. A soka shi daga na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta, zuwa kwamfutar, sannan a dubi bakin ramin. A yawancin kwamfutoci akwai 'yan ƙananan fitilu a wurin. Idan sun kama, ɓangarorin biyu sun ga juna. Idan ba su kama ba, a sauya kebul ɗin, a kuma gwada wani ramin na rautar. Ƙura da tsatsa da karyayyen harshen roba na kan kebul suna hana intanet fiye da yadda ake zato. Kebul ɗin da tsawonsa ya wuce mita 100 shi ma ya fita daga ƙa'idar da aka gina shi a kai.

Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa, musamman samfurin Dell Latitude da ThinkPad da HP, suna da ɗan maɓalli a gefe ko a gaba mai kunna Wi-Fi da kashe shi. A wasu kuma sai an danna Fn tare da ɗaya daga maɓallan jerin sama. Maɓallin kan goce a cikin jaka, mai kwamfutar ya yi ta neman matsala a inda babu ita.

Bayan wannan sai direba, wato ƙaramar manhajar da ke koya wa Windows yadda zai yi magana da katin sadarwar da ke cikin na'urar. Duk lokacin da aka goge kwamfuta aka sake zuba Windows XP ko Windows 7, akwai yiwuwar direban bai shiga ba. Ana gane haka a wurin da Windows ke kira Device Manager, inda alamar ruwan ɗorawa ke fitowa a jikin abin da ba a gane ba. A cikin bayanan abin akwai lambar shaida da ke farawa da VEN, wadda ke faɗin kamfanin da ya ƙera katin: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom, 168C kuma na Atheros. Da wannan lamba, da wadda ke biye da ita mai farawa da DEV, ake nemo direban da ya dace. Tun da kwamfutar ba ta da intanet, sai a sauke shi a waya ko a wata kwamfutar, a kawo shi a filash. Shafin kamfanin da ya ƙera na'urar shi ne wurin nema na farko, domin shafukan da ke tallar direba kyauta sun yi ƙaurin suna wajen cusa manhajojin cuta.

Akwai kuma na'urar da babu direban da zai tashe ta. Tsofaffin modem na kamfanonin Starcomms da Visafone an ƙera su ne don fasahar CDMA. Starcomms ya durƙushe, MTN kuma ya saye Visafone a 2016. Modem ɗin na iya kama wuta lafiya lau, amma tashar da yake nema babu ita.

Hawa na biyu: Wi-Fi na zamani da kati na da

Katin Wi-Fi na farkon shekarun 2000 yana aiki ne da ƙa'idar 802.11b ta 1999, mai gudun megabit 11 a daƙiƙa, ko 802.11g ta 2003, mai gudun megabit 54. Dukkansu a kan zangon 2.4 GHz suke. Wayoyi da rautocin yanzu kuwa suna iya watsawa a zangon 5 GHz, wanda tsohon kati ba ya ko jin motsinsa. Saboda haka idan sunan hanyar bai fito a jeri ba, a shiga saitin wayar da ke raba data a mayar da ita 2.4 GHz. A iPhone zaɓin da ke yin haka shi ne Maximize Compatibility.

Wani abin da ke ɓoye suna shi ne tasha. Zangon 2.4 GHz ya kasu tashoshi-tashoshi, kuma katin da aka saita don kasuwar Amurka daga tasha ta 1 zuwa ta 11 yake aiki. Idan rauta ta zaɓi ta 12 ko ta 13 da kanta, kwamfutar da aka shigo da ita daga can tana iya kasa ganinta. Ɗaure rautar a tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11 na warware wannan.

Idan sunan ya fito amma kwamfutar ta ƙi karɓar kalmar sirri, duk da an rubuta ta daidai, to maganar kulle ce. Kullen Wi-Fi na farko, WEP, ya fito a 1997, kuma a 2001 masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka wallafa raunin da ya sa ake iya karya shi. WPA ya biyo baya a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 kuma a 2018. Windows XP ba ya gane WPA2 sai an ƙara masa sabuntawa, wadda ke cikin kunshin Service Pack 3 na 2008. Windows 7 yana gane WPA2, amma ba ya gane WPA3. Mafita ita ce a saita rautar a kan WPA2. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a mayar da ita WEP ko a cire kullen gaba ɗaya don a faranta wa kwamfuta ɗaya, domin hakan buɗe ƙofar gidan ne ga duk mai wucewa. Ɗan ƙaramin katin Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB ya fi wannan aminci, muddin an tabbatar yana da direban da ya dace da Windows ɗin da ke kan na'urar.

Hawa na uku: adireshi da littafin sunaye

Kwamfuta na iya nuna ta haɗu da rauta, amma shafi ya ƙi zuwa. A nan ake buɗe baƙin allon ba da umarni, ta hanyar rubuta cmd, sannan a rubuta ipconfig. Layuka biyu ne abin dubawa: adireshin kwamfutar, da adireshin ƙofar fita, wanda allon ke kira Default Gateway.

Adireshin gida na lafiya yakan fara da 192.168, ko da 10, ko da 172. Idan ya fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta roƙi rauta ta ba ta adireshi, ba ta samu amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta wanda ba ya fita waje. A kashe rautar a kunna, sannan a rubuta ipconfig /release, a bi shi da ipconfig /renew. Kwamfutar da ta fito daga wani ofishi ba tare da an goge ta ba tana iya zuwa da adireshin da aka ɗaure mata da hannu, ko kuma da umarnin ta riƙa bi ta wata na'urar tsakani ta kamfanin, wadda ake kira furoksi. Tana Kano ko Maraɗi, amma tana neman ƙofar wani ofishi da ke wata ƙasa. Ana cire wannan a Internet Options, ƙarƙashin LAN settings, a kuma mayar da karɓar adireshi ya zama kai-tsaye daga rauta.

Umarnin ping shi ne sallama: yana aika ɗan saƙo sau huɗu ya jira amsa. A fara da ping 127.0.0.1, wanda ke nufin kwamfutar ta yi wa kanta sallama. Idan wannan ya gaza, manhajar sadarwar Windows ce ta rikice, kuma umarnin netsh winsock reset tare da sake kunna na'urar yakan daidaita ta. Daga nan a yi wa adireshin ƙofar fita sallama. Idan ya amsa, a wuce zuwa ping 8.8.8.8, adireshin wata na'urar Google. Amsa daga nan na nufin saƙo yana fita duniya yana dawowa.

Idan lambar ta amsa amma sunan shafi bai amsa ba, to matsalar ta DNS ce, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lamba, kamar yadda waya ke juya sunan mutum zuwa lambarsa. Ana iya rubuta 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS, sannan a share tsofaffin amsoshi da ipconfig /flushdns. Abin lura shi ne, duk wanda aka miƙa wa wannan aiki yana ganin sunayen shafukan da ake tambaya, ko kamfanin waya ne ko kamfanin ƙetare.

Hawa na huɗu: agogo, takardar shaida da burauza

A nan ne mafi yawan tsofaffin kwamfutoci ke tsayawa a yau. Sallama na amsawa, alamar intanet ta nuna komai lafiya, amma burauza ta ce haɗin ba shi da tsaro, ko ta nuna farin shafi. Kukan kurciya jawabi ne: a karanta abin da gargaɗin ya ce kafin a rufe shi.

Abu na farko shi ne agogo. A jikin babban allon cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo, galibi samfurin CR2032 mai bolt 3, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe na'urar. Idan ya mutu, agogon kan koma shekaru baya. Kowace takardar shaidar shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma waɗanda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa an saba yi musu wa'adin kwana 90. Kwamfutar da ke ganin ana 2009 za ta ɗauki takardar bana a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, ta ƙi ta. Gyara kwanan wata da sauya batirin na cikin gyare-gyare mafi araha da ake da su.

Abu na biyu shi ne jerin amintattu. Kowace na'ura na ɗauke da sunayen hukumomin da ta yarda su tsaya wa shafuka shaida. Abin da ya faru a Satumban 2021 shi ne tsohuwar shaidar da Let's Encrypt ta jingina da ita ta ƙare, na'urorin da ba su da sabuwar, mai suna ISRG Root X1, suka rasa madogara. Kwamfutar da aka kashe wa sabuntawa tun ranar da aka zuba mata Windows tana cikin wannan sahu. Ana iya sauke takardar daga shafin Let's Encrypt a shigar da ita da hannu. Burauzar Firefox kuma tana tafe da nata jerin, shi ya sa takan buɗe abin da wasu suka kasa.

Abu na uku shi ne harshen sirri da burauza ke yi da shafi, wato TLS. Siga ta 1.0 ta fito a 1999, ta 1.1 a 2006, ta 1.2 a 2008, ta 1.3 a 2018. Manyan burauzoji sun yi watsi da biyun farko a 2020, kuma a Maris 2021 ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta soke su a hukumance. Internet Explorer na kan Windows XP bai wuce 1.0 ba, don haka shi da yawancin shafukan yau ba su da harshen da za su gaisa. Windows 7 yana da 1.2, sai dai a tsofaffin sigogin Internet Explorer a kashe yake zuwa, sai an kunna shi a Internet Options.

Sauya burauza na taimakawa, amma da iyaka. Chrome 49 na 2016 shi ne na ƙarshe ga XP, Firefox 52 kuma ya daina samun gyara a 2018. Ga Windows 7, Chrome ya tsaya a siga ta 109 a farkon 2023, Firefox kuma a ta 115. Daga nan shafuka na ci gaba da sauya gini, burauzar na tsaye inda aka bar ta.

Haɗarin da ke cikin yin nasara

Samun shiga intanet da tsohon Windows ba shi ne ƙarshen magana ba. Microsoft ya daina tallafa wa XP a ranar 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma a ranar 14 ga Janairu, 2020. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan, a al'ada, a buɗe take zama.

A ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Takan kulle fayiloli ta nemi fansar dala 300. Ta bi ne ta wata ɓaraka a tsohon tsarin musayar fayil na Windows, da makamin kutse da aka sace daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. A Ingila ta taɓa kimanin kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kusan 19,000. Mafi yawan kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ne a kansu, kuma maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris, ba a dai shigar da shi ba. Girman abin ya sa Microsoft ya fitar wa XP gyaran gaggawa, shekara uku bayan ya yi masa sallama.

Saboda haka tsohuwar kwamfutar da aka samu ta haɗu ba wurin shiga asusun banki ba ce, ba kuma wurin ajiye takardun jama'a ba. Ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya da ke riƙe da sunayen majiyoyi ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Idan aikinta buga takardu ne kawai, barinta ba tare da intanet ba ya fi mata tsaro.

Hanyar da ta rage

Akwai gwajin da ke raba gardama. Ana iya zuba Linux, tsarin aiki na kyauta wanda kowa ke iya duba yadda aka rubuta shi, a kan filash, a tashi kwamfutar daga filash ɗin ba tare da an goge komai ba. Idan ta shiga intanet a haka, ƙarfenta lafiya yake, tsufan na Windows ne. Nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint mai fuskar Xfce suna tafiya a kan kwamfutoci da yawa na zamanin Windows 7, da sabuwar burauza da sababbin takardun shaida. Ga waɗanda suka fi haka tsufa akwai antiX. Ƙara ƙwaƙwalwar aiki da sauya tsohon faifan ajiya da SSD na ƙara musu kuzari sosai.

Wannan ma yana da nasa cikas. Shafukan yau na cin ƙwaƙwalwa, kwamfuta mai gigabait 1 za ta yi ta jan ƙafa ko me aka zuba mata. Shagon da abincinsa ya dogara da CorelDRAW ba zai same shi a Linux ba. Wasu katunan Broadcom kuma sai an nemo musu direba ta kebul kafin Wi-Fi ya tashi. Duk da haka, hanya ce da hukumomi ma ke bi. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 na ma'aikatanta kan LibreOffice da Linux, tana mai kafa hujja da 'yancin riƙe bayananta da kanta.

Wa ke yanke wa'adi?

Ba kowane yanke hulɗa da tsohuwar fasaha ne zalunci ba. WEP ya karye da gaske, TLS 1.0 ma an nuna rauninsa, kuma barinsu da rai zai cutar da kowa. Tambayar ta fi nauyi a inda aka jingine na'urar da ke aiki lafiya.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10. Windows 11 kuma yana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar sarrafawa wadda, a ɓangaren Intel, galibi sai daga zuriya ta 8 zuwa sama, wato daga 2017. Kamfanin ya ce dalilin tsaro ne. Cibiyar nazarin kasuwa ta Canalys ta yi hasashe a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. An ba ɗaiɗaikun mutane damar ƙarin shekara ɗaya ta gyaran tsaro a kan dala 30, ko ta wasu sharuɗɗa. A yankin tattalin arzikin Turai kuwa, bayan matsin lambar ƙungiyar masu sayayya ta Euroconsumers, an sassauta sharuɗɗan aka ba da shekarar kyauta. Sassaucin ya tsaya a inda aka yi matsin.

Inda irin waɗannan kwamfutoci ke nufa sananne ne. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a tashoshin ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 an riƙa shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kusan kashi ɗaya bisa huɗu ba ya aiki, mafi yawansu kuma daga tashoshin Tarayyar Turai, ana cusa su a cikin motocin hannu. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, hukumar NESREA kuma tana da ƙa'idoji kan kayan lantarki tun 2011. Sai dai kwamfutar da ke kunnuwa lafiya amma an yanke mata tallafi ba ta shiga lissafin shara, don haka za ta wuce tasha a sayar da ita a matsayin mai kyau.

Faransa ta mayar da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi a 2015, kuma a Janairun 2021 ta wajabta a liƙa wa kwamfutocin tafi-da-gidanka da wayoyi makin sauƙin gyara a wurin sayarwa. A Najeriya akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya, FCCPC, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Waɗannan sun isa a kafa tambayoyi a kansu: ofisoshin gwamnati nawa ne ke riƙe da bayanan 'yan ƙasa a kan Windows ɗin da aka daina yi wa gyara, ko kwangilar sayen kwamfutoci ga makarantu na faɗin shekarun tallafin da suka rage musu, ko shafukan rajista na hukumomi ana gina su ne da la'akari da na'urori marasa ƙarfi da data mai tsada.

Shi kuwa mai shirin sayen kwamfutar hannu, lamba ɗaya za ta taimake shi a kasuwa. A sunan ƙwaƙwalwar Intel, lambar da ke biye da layin tsakiya ita ce zuriya: i5-6300U zuriya ta 6 ce, i5-8250U ta 8. Ta farkon ba ta cikin jerin da Windows 11 ya amince da shi, ta biyun tana ciki. Ta 6 ɗin tana iya yin shekaru tana aiki da Linux, da tsohuwar zuma ake magani, amma ya kamata mai saye ya san haka tun kafin ya biya, farashin kuma ya nuna hakan.